Nababa Mai Duban Shirwa

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Afrilun 1985, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Nababa na ƙauyenmu, arewa da Makoda. Mu bakwai muka raka shi makabarta, a garin da ya haura gida ɗari. Ni Mika'ilu, da gonata ke iyaka da tasa, ina cikin waɗanda suka cuce shi.

Yaya Nababa, duk bazara a gindin rimin bakin gonarka ake samunka, kanka a sama. Kana kallon shirwa da shaho suna tasowa daga kudu, garke bayan garke, suna bin ruwan da bai iso mana ba tukuna. Kai ka nuna min yadda shirwa ke hawa iskar tsakar rana ta yi ta shawagi ba ta kaɗa fiffike, don kada ƙarfinta ya ƙare a hanya. Ka nuna min kurciyoyi a inuwa, baki buɗe, maƙogwaro na rawa, wasu su kai magariba, wasu su faɗo matattu. Kullum sai ka rage ruwan shanka ka zuba musu a kasko.

Daga wucewar tsuntsayen nan kake faɗa mana lokacin shuka, kuma shekara da shekaru ba ka kuskure ba. Ba ka taɓa karɓar ko goro ba. A shekarar fari ta 1973, da rumbuna ya ƙone, kai ka raba irinka biyu ka aiko min da rabi. Kai ka haƙa kabarin mahaifina da hannunka.

Sai bara. Shirwa ta wuce da yawa, shamuwa ta sauka, aka yi ruwa mai ƙarfi. Muka zo muka tambaye ka, ka ce a ganinka damina ta tsaya, amma sani na Allah ne. Rabin maganar muka ji. Muka zuba ragowar irin da muka hana bakin 'ya'yanmu. Kwana arba'in ko ɗigo ba a sake yi ba. Gero ya fito ya ƙone muna kallo, har da naka.

Ba wanda zai iya yi wa sama faɗa, sai muka juyo kanka. Aka daina amsa sallamarka. A masallaci, in ka shiga sahu, na gefenka ya matsa. Wata safiya na tarar da kai kana zuba wa tsuntsaye ruwa, alhali matanmu na wuni a bakin rijiya ba su cika tulu ba. Na sa ƙafa na fasa kaskon. Ba ka ɗago ba, ka tsuguna kana tattara gutsattsarin, ka ce, "Mika'ilu, nawa rabon ne nake ba su, ban taɓa naka ba."

Da dawar agaji ta zo, ni aka sa rabo. Na bi gida gida, na tsallake naka da gangan, ba kuma wanda ya ce min don me. Daga baya na ji cewa wata huɗu ganyen rama da dusa kuke ci, kai da matarka Furera, kuma kakan ce mata ka ƙoshi don ta ƙara. Da jiki ya raunana, zazzaɓin kwana uku ya ishe ka.

Ranar sadakar uku na tsaya daga zaure na yi wa Furera gaisuwa, na roƙi gafara. Daga ciki ta amsa, muryarta ba ta ko rawa.

"Shi ya yafe muku tun bai kwanta ba, Malam Mika'ilu. Ni ce ban yafe ba."

Na juya na koma gida.

Allah Ya jiƙanka, Yaya Nababa, Ya yalwata kabarinka, Ya shayar da kai daga tafkin Alkausara, Ya sa yunwar da ka sha ta zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga Furera, da 'yarku Luba da ke aure a Rimin Gado, da sauran dangi. Allah Ya ba su haƙurin da mu muka kasa yi da kai. Mu kuma Ya ba mu ikon neman yafiyar masu rai kafin tamu ta zo. Amin.