Laure da Baƙin Bango

A Gulma kowa ya san Laure mai gumi, wato turararriyar shinkafa. Tsohuwa ce 'yar firit, amma bakinta ya fi ta girma. Tun tana amarya take turara shinkafa ta shanya ta sayar, da sana'ar ta aurar da 'ya'ya, da ita ta yi jinyar mijinta Hodi har Allah ya karɓi abinsa.

Gaskiya ɗaya ce, ita ta jawo wa kanta. Da damina, hadari na haɗuwa sai ta kwashe shanyar da ba ta bushe ba ta ɗura a buhu, ta jingine a bangon ɗakin kwananta don kada awaki su yi mata ɓarna. Taga kuwa ta cusa mata tsumma saboda sauro. Shekarar da gulbi ya cika ya leƙo bayan gari, bangon ya sha ruwa, fumfuna ta hau shi baƙi ƙirin. Ɗaki na wari, Laure na tari.

Ɗanta Munzali, mai shagon taya a Birnin Kebbi, ya zo ya leƙa, ya fito yana toshe hanci.

"Inna, ɗakin ga kashe ki za ya yi. Bayan girbi in zaka da mota ki koma unguwar Badariya wurinmu, a rushe shi."

"A rushe mi?" in ji Laure. "Nan anka kawo ni, nan za a ɗauke ni, kuma ba da mota ba."

Taurin kai gare ta, amma ba wawiya ba ce. Ta je asibitin gari, ma'aikaciyar lafiya Khadijatu ta yi mata bayanin fumfuna da yadda ake kawar da ita. Ta saurara tana taɓe baki, sai dai ko kalma ɗaya ba ta yar ba.

Ta mai da kwananta rumfa. Ta ɗaure hanci da baki da ɗankwali, ta sa leda a hannu, ta fizge tsumman taga, ta ƙara mata faɗi da gatari. Ba ta share bangon a bushe ba, don an ce ƙurar ita ce cutar. Sai ta yayyafa ruwan omo, ta kankare da tsohuwar fartanya, ta kwashe a buhu ta kai bayan gari. Shinkafa ta koma zaure bisa itace. Maƙwabta suka ce tsohuwa ta zare, ta ce su zo su kama ta.

Abu ɗaya ne ya karya mata zuciya. Da ta buɗe akwatin Hodi, fumfuna ta cinye manyan rigunansa. Ta wanke, ta shanya, ta sake wankewa, warin ya ƙi fita, tana sunsunawa tari na sarƙe ta. Ta zauna ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba tun ranar janaza. Sannan ta haƙa rami ta binne su.

Da Munzali ya iso da mota, ya same ta a bayan ɗaki tana haƙa kwatar da za ta janye ruwa daga gindin bango. Ya shiga ɗakin. Iska na kaɗawa, bango fes da farar ƙasa. Ya durƙusa ya dafa.

"Inna, daga ƙasa da sauran sanyi."

"Na sani. Shi ya sa kag gane ni da fartanya."

Idonsa ya faɗa kan akwati, buɗe, babu komai ciki.

"Ina rigunan Baba?"

"Na ruhe su da hannuna," ta ce. "Wadda tay yi wannan don ta zauna, kana zaton mota ka tada ta? In taimako yak kawo ka, ga aiki. In ɗauka ta, ga hanya."

Munzali ya tuɓe riga, ya karɓi fartanyar daga hannunta.