Shekarar da Nomau Ya Ƙi Ɗaure Hannu

Da girbin bana kakana Nomau ya cika shekara hamsin da biyar da rasuwa. Ina saurayi ya bar mu, ga shi yau ni ma jikoki suna ja mini gemu. A gida Baba Tsoho muke ce masa. Mahauci ne ɗan mahauta, mutumin Birnin Lalle, kuma ya yi tsawon rai har ya gaji da masu tambayarsa shekarunsa. Abin da ya sani kawai, ya yi samartakarsa kafin Faransawa su shigo ƙasar nan, lokacin da Dakoro da nake zaune yau ba ta zama gari ba, daji ne da rijiyoyin makiyaya. 'Yan lakwal, wato masu karatun boko, za su ce ƙarshen ƙarni na goma sha tara ke nan.

Kunnensa na hagu ba ya ji. Duk mai magana da shi sai ya zagayo ta dama. Na daɗe ina ɗauka tsufa ne, sai wata rana ina taya shi feɗe akuya na tambaye shi. Ya ce, "Wannan ba tsufa ba ne, maigida. Mantau ne." Daga nan labarin ya fara fitowa, ba a zama ɗaya ba, yau guntu gobe guntu.

A zamaninsu dambe wasan mahauta ne. In an yanke gero an cika rumbuna, samari kan naɗe hannu ɗaya da tsumma da igiya, shi ne mashi, su bar ɗayan a buɗe don tare duka, shi ne garkuwa, su bi gari-gari da makaɗansu. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, a harshen fage an kashe shi. Mantau mutumin wajen Korahane ne, kuma an yi shekaru ba wanda ya kai shi ƙasa.

Yayan Nomau, Tanko, shi ne zakaran Birnin Lalle a lokacin. Makaɗa suka zuga shi ya tari Mantau. Ba a gama turmin farko ba, wato karon farko cikin ukun da ake yi, mashin Mantau ya same shi a idon dama. A kan jaki aka dawo da shi gida. Idon ya tsiyaye.

Da girbi ya zagayo, Nomau ya riga ya kashe duk wani saurayi da ke ƙauyukan kusa. Gari ya ɗauka: ga mai rama wa Tanko ya taso. Makaɗa suka zo ƙofar gidansu da kalangu suna kiran sunansa suna haɗawa da na Mantau. Shi ma jininsa tafasa yake. Ya ɗauko igiya ya miƙa wa yayansa, don al'adarsu babba ke ɗaure wa ƙarami hannu. Tanko bai karɓa ba.

"Ba ka isa ba," in ji shi.

"Yaya, wa ya rage ban kashe ba?"

"Waɗanda ka kashe tsoronka suke ji tun kafin su shiga. Ni ina kallonka. In mashi ya taho maka, rufe ido kake, ka kau da kai. Kuma numfashinka ba ya kai turmi na uku. Ka je haka, ni da kai sai mu riƙa raba ido biyu."

Baba Tsoho ya ce bai taɓa jin maganar da ta ƙona shi kamar wannan ba, saboda ya san gaskiya ce. Ya fita ya sallami makaɗan. Kafin kasuwa ta sake ci, 'yan mata sun sa shi a waƙa, yara suna kiransa mai ajiye hannu. Akwai waɗanda suka daina sayen nama a gabansa.

Ina yawan tuna wannan wurin in na zauna kusa da fadar samarin unguwarmu, inda suke taruwa hira. Kwanan baya gardama ta kaure a kan wani yaro da ya yi nasara a 'yan wasanni, ya ɗauki kansa a waya yana kiran zakaran da kowa ke tsoro. Rabin fadar na cewa ya isa, rabi na cewa zai sha kashi, kuma ba wanda ya taɓa ganinsa a fage ido da ido. Na tambayi kaina me Baba Tsoho zai ce. Ba na jin zai zagi wayar, mutum ne mai son sabon abu, har rediyo ya riska ya so ta. Abin da zai tambaya shi ne ko yaron yana da wani a gida da zai iya duban idonsa ya ce masa ba ka isa ba. Makaɗan zamaninsu da yamma suke komawa gida su bar mutum ya yi tunani. Na yanzu suna cikin aljihunsa, ba sa gajiya.

Nomau bai tsaya ba wa kowa amsa ba. Sauran kwanakin wasan ya ɗauki tiren namansa ya bi Mantau duk garin da ya je. Ya zauna bakin fage yana gashi, idonsa na kan ƙafafun mutumin. Wata rana Mantau ya gane shi, ya tako har gabansa.

"Kai ne ƙanen Tanko? Na ji an ce kana nemana."

"Nama nake saidawa."

"To yanko mini. Ka ga wannan sana'ar ta fi maka lafiya."

Jama'a suka fashe da dariya. Ya yanka, ya barbaɗa yaji, ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce mini a lokacin ya riga ya ga abin da ya zo gani: duk lokacin da Mantau ya kai shuri da ƙafa, garkuwarsa takan sauka ƙasa da haɓarsa kafin ya maido ta.

Da rani Nomau ya yi arewa wurin rijiyoyi. Wanda ya san ƙasar nan ya san zurfin rijiyoyinmu, da shanu da raƙuma ake jan guga. Shi ya roƙi Fulani da Buzaye su bar shi ya ja da hannu, su ba shi nono ya sha. Suka ɗauka taɓaɓɓe ne, suka bar shi. Tafin hannunsa ya fashe ya warke ya sake fashewa. Da ya dawo gida da damina, Tanko ya rataye gora cike da yashi a reshen gawo, yana turo masa ita a fuska, shi kuwa an hana shi ƙiftawa. Ta fasa masa leɓe, ta kumbura masa hanci, har ranar da ya iya kallonta tana tahowa, ya goce mata kaɗan ido a buɗe.

Girbi ya sake zuwa. Nomau ya kawo igiya. Tanko ya juya ta a hannu ya ce, "Ƙara shekara."

"Me ya rage, Yaya? Faɗa mini in gyara."

Nomau ya ƙara matsawa kusa da shi.

"Bara ka faɗi abu biyu, na gyara su. Bana faɗi ɗaya."

Sai Tanko ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Babu. Tsoro nake ji. Ko shekara goma ka ƙara, ba ranar da bakina zai iya cewa ka tafi."

"To ni na ce na isa. Bara haushi ne zai kai ni. Bana na san abin da zan je yi. In ba kai ka ɗaure ba, ba mai ɗaure mini."

Tanko ya ɗaure, yana ɗaurewa hawaye na zuba daga idon da ya rage.

Da la'asar aka yi wasan, a garin su Mantau. A turmin farko Mantau ya same shi a kunnen hagu. Ya ce duniya ta yi tsit, ya ga makaɗa suna dukan kalangu ba ya jin komai, amma bai taɓa ƙasa ba. Turmi na biyu suka yi ta zagaya juna. A na uku Mantau ya fara haki, abin da bai saba ba, don ba a cika kai shi can ba. Ya kai shuri, garkuwa ta sauka, Nomau ya shiga da mashi ƙarƙashin muƙamuƙi. Mantau ya durƙusa, ya dafa ƙasa da hannu.

Mutanen Birnin Lalle suka ruɗe da ihu. Mantau ya tashi a hankali, ya tofar da jini, ya tambayi wanda ya ɗaure wa yaron nan hannu. Aka nuna masa Tanko. Ya ratsa jama'a ya tsaya gabansa.

"Ban nufi idonka ba," ya ce.

Tanko ya ce, "Na sani. Ni na kawo maka idon."

Baba Tsoho bai daɗe yana dambe ba bayan wannan. Zamani ya juya, baƙi suka shigo da bindigogi da aikin tilas, samari suka sami abin da ya fi fage damunsu. Ya koma kan wuƙarsa da kasuwarsa.

In na auna abin da ya rage nasa yau, ba shi da yawa. Ba hoto. Gidan ya rushe, an yi wani a wurin. Kirarinsa rabi kawai na riƙe, kuma na je Birnin Lalle na ambaci sunansa a cikin mahauta, ba wanda ya ɗaga kai. Nasarar da gari ya kwana yana murna da ita ta bi waɗanda suka gan ta.

Amma akwai abin da na gani da idona, ba labari aka ba ni ba. Ina ƙarami, idon Tanko na biyu ya mutu da tsufa. Yana da 'ya'ya da jikoki da za su ja shi, Baba Tsoho ya hana. Kullum shi ke zuwa ɗakinsa ya kamo shi, su tafi masallaci, su tafi kasuwa, tsofaffi biyu suna tafe a hankali suna gardama. Ɗaya ba ya gani, ɗaya rabin ji, don haka kullum Tanko ta dama yake tsayawa. Haka suka yi shekaru, ba fashi, ko ruwa ake yi. Hannun da ya kai Mantau ƙasa ban taɓa ganin ya doki kowa ba. Aikin da na san shi da shi ke nan, har ranar da ya sa yayansa a kabari da shi.

Allah Ya haɗa su a inda ido ke gani, kunne ke ji.