Ƙwallon Dabino Biyu a Gwangwanin Tumatir

Kai jama'a, ku tsaya in faɗa muku tun abin yana da zafi! Jiya fa uku ga Agusta, ranar haihuwata. Ina zaune a mota kafin in shiga aiki sai na buɗe irin shafin nan da ke jera abin da ya faru a rana kaza: wa aka haifa, wa ya rasu, wace ƙasa ke biki. Ga Nijar nan, ranar samun 'yancin kai, ranar dashen itatuwa. Na yi ta gangarawa ina karanta sunayen manyan mutane, wallahi sai na ji kamar ƙamshin gasasshiyar masara ya cika motar. Na kasa fita.

Kakata na tuna, Inna Rabi, mahaifiyar Mama. Daga Maraɗi aka kawo ta Beltsville, nan Amurka, don ta raine ni. A bakinta na koyi Hausa, rubutun ne na koya wa kaina, sai ku yi haƙuri da shi.

Duk uku ga Agusta da yamma takan fito da ɗan murhun gawayinta bayan gida ta aza masara. Amma kafin nan sai ta cika gwangwanin tumatir da ƙasa, ta binne ƙwallon dabino biyu.

"Yau kowane ɗan Nijar icce yake dasawa," in ji ta.

"Inna, sanyin nan kashe shi zai yi, kamar na bara."

"Ke dai kawo ruwa, Ba'amurka. Wa ya tambaye ki?"

"To me ya sa kullum biyu?"

"Haka suka zo."

Kek ɗina kuwa ba ta taɓa ci ba. Sai ta ce gato yana ɓata mata ciki.

In masara ta fara ƙamshi sai ta ce, "Matso, ga wata nan ta zo, ba ta zuwa sai yau." Tatsuniya ɗaya ce kowace shekara. Wai ƙwallon dabino biyu ne suka faɗo daga jakar wani matafiyi a bakin busasshiyar rijiya. Ɗaya ta tsiro ta yi sama. Ɗaya ta yi ƙasa, ba wanda ya ƙara ganinta. Aka yi fari, itatuwa suka bushe, ta saman nan kuwa shar da ita. Ta fara taƙama, wai ita ba ta san ƙishi ba. Sai wata tsohuwar tururuwa ta fito daga rami ta ce, "Yarinya, rage fahari. Daga ƙasa nake, kuma na ga mai ba ki ruwa."

Daidai nan Mama za ta buɗe ƙofar kicin. "Inna, ya isa haka. Sauro." Inna sai ta bar labarin ta juya masara. Ban taɓa jin abin da tururuwar ta gani ba.

Shekarar da na cika sha ɗaya Mama tana aikin yamma a asibiti, ba mai katse mu. Inna ta ce, "Zamna, ɗiyata, yau za mu kai ƙarshe." Ni kuma ƙawayena na lakwal, wato makaranta, suna jirana a wurin wankan ninƙaya. Na ce mata da Turanci na gaji da labarin itace. Ba ta jin Turanci, amma ta gane. Ta ce, "To, je ki. Allah Ya kai mu baɗi." Da sanyi ya shigo ƙafafunta suka matsa mata, aka mai da ta Maraɗi. Can ta rasu.

Bayan shekara biyu muka je sallar idi a Sterling. Wata baiwar Allah, sabuwar zuwa daga Kano, ta tambayi sunana. Na ce Husaina. Ta washe baki: "Masha Allah, 'yan biyu! Ina Hassanar?" Na ce ni kaɗai ce a gidanmu. Fuskarta ta sauya, ta dubi Mama ta ce, "Allah Ya ba da haƙuri." Ni a nan na tashi, ban san ba a sa wa yarinya Husaina sai da Hassana a gabanta ba. Duk 'yan gida da ke unguwarmu sun sani, ba wanda ya taɓa yi mini zancen.

A mota Mama ta faɗa mini, ba ta ko dube ni ba. Da asuba aka haife mu, kafin la'asar Hassana ta koma. A nan Maryland aka binne ta. Mama ta sa Inna ta yi rantsuwa ba za ta gaya mini ba, don kada ranar haihuwata ta zama ranar makoki. Inna ba ta karya rantsuwa ba. Hanya kawai ta nema, ni kuma na tafi wanka.

Shekarata ashirin da huɗu yanzu. Na tambayi Mama ƙarshen tatsuniyar, ta ce ba ta taɓa bari ta ji ba. 'Yan uwa a Maraɗi sun ce ba su san ta ba sam. Ina jin Inna ce ta ƙirƙire ta domina, kuma ta tafi da sauran.

Amma ban fid da rai ba. Ku da kuka zauna gaban kakanninku, akwai wanda aka taɓa yi wa mai kama da wannan? Ko a gidanku ma akwai abin da aka kasa faɗa sai a tatsuniya? Ku rubuto mini. In kuwa wani ya san abin da ta saman nan ta ce wa tururuwa, don Allah kada ya jira baɗi.