Matar da Aka Ɗauke wa Tebur

Yau ake rufe cibiyar nan ta Brisbane da ke ƙera wa masu rubuta manhaja kayan aiki. An ce mai son kujera ya zo ya ɗauka kyauta, abin da ya kawo ni ke nan. Shekara tara ina cin abinci da kayansu, ban san fuskar kowa ba.

Ga wata mata a tsaye, furfura ta cinye rabin kanta, silifas a ƙafa, tabarau ɗaure da zare. An riga an fitar da teburinta. Ta ɗora kwamfuta kan kwalaye uku tana bugawa, shayinta na hucewa a ƙasa.

"Baiwar Allah, kwalayen nan ma tafiya za su yi," in ji mai kwashe kaya. "Ke da aka sallama, aikin me kike yi?"

"Ɗaga min ƙafa kaɗan, ɗan'uwa," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Wani makaho a birnin Suva ya rubuto, manhajarmu ta daina karanta masa allon kwamfuta. In na tafi, wa zai gyara?"

Ban san sunanta ba. Amma jikina na ba ni ita ce take amsa tambayoyina na shirme ta intanet duk shekarun nan, ba ta taɓa gwale ni ba.

Kujerar da na zaɓa mai kyau ce, har na hango ta a ɗakina. Na turo ta bayan matar. Ta zauna, ko waiwaye ba ta yi ba, ta ci gaba da bugawa.