Kawu Mai Faci da Ƙabilar Masu Iska

Kawuna bai taɓa mallakar ko taku ɗaya na ƙasa ba. A gidan haya aka haife shi, a gidan haya ya yi aure. Rumfar da yake facin taya ma a jikin katangar wani take, duk ranar da mai katangar ya tashi da ɓacin rai sai Kawu ya kwashi famfonsa da bahon ruwansa ya matsa gaba. Gajere ne mai tumbi, ga siririyar murya, kuma ba a taɓa kayar da shi a gardama ba, don da ya hango faɗuwa sai ya sauya zance.

Wata rana jak ya zame, mota ta sauko masa a idon sawu. Likita ya ɗaure ƙafar ya ce ya zauna a gida. Kafin mako ya zagayo ya ishi kowa, har shara yake koya wa Inna, matarsa, daga kan kujera. Babbar 'yarsu ta ji tausayin uwarta, ta sayo masa wani kwalin wasa a wurin 'yan gwanjo. A ciki akwai 'ya'yan ludo, da fensirori, da damin takardu, kowace an zana mata fili gida-gida da kogi a gefe. Takardar bayanin kuwa da wani yare aka rubuta ta wanda babu mai jin sa a layinmu.

Kawu ya sa tabarau, ya ƙura mata ido, ya gyaɗa kai ya ce ya gane.

Ya tara mu, ni da maƙwabtansa biyu, Mai Kemis da wani tsohon direban bas da ake ce wa Dogo. Ya ce kowa takardarsa ita ce ƙasar ƙabilarsa. Za ka jefa ɗan ludo, lambar da ta fito ita za ta faɗa maka abin da za ka zana: ɗaya rijiya, biyu gona, uku garken shanu, huɗu bukka, biyar ganuwa.

Dogo ya ce, "Shida fa?"

Kawu ya ce, "Shida sai an tambaye ni."

Ya raɗa wa tasa suna Ƙabilar Masu Iska, wai saboda sana'arsa. Inna tana ninke wanki a bakin ƙofa ta ce sunan ya dace ta ko'ina.

Ba a daɗe ba muka san ma'anar shida. Idan ta fito wa Kawu, yaƙi ne: sai ya miƙo hannu ya soke rijiyarka, ya zana ta a tasa takardar. Idan ta fito maka, fari ne, gonarka ta ƙone. Ɗan ludo in ya faɗi ƙasa ba a lissafa shi, sai in na Kawu ne. Ranar da Dogo ya yi atishawa a kan takardarsa, Kawu ya ce annoba ta shiga garkensa, ya sa shi ya goge shanu da hannunsa.

Mai Kemis ya ce, "Haba Malam, a ina aka rubuta wannan?"

Kawu ya ɗaga takardar bayani ya nuna da yatsa. "Shafi na biyu, can ƙasa-ƙasa. Karanta mana in za ka iya."

Ƙafa ta warke, wasa bai warke ba. Ya bi shi har rumfa, a kan tayar babbar mota da aka ɗora wa katako. Mai babur zai turo babur ɗinsa yana gumi, Kawu ya ce ya ɗan jira, ana tsakiyar yaƙi. Mutanen layi suka fara ce masa "ranka ya daɗe" don tsokana, shi kuwa ya riƙa amsawa da ɗaga hannu, ba ko murmushi.

Mai Kemis ne ya fi kowa shan wuya, don ƙasarsa ba ta taɓa kai ƙarshen wasa da rijiya ko ɗaya ba. Da ya yi sabuwar waya, sai ya faki idon Kawu ya ɗauki hoton takardar bayanin, wayar ta fassara masa. Ranar ya zo gidan Kawu har da sabuwar riga. Ya tsaya a tsakar ɗaki ya karanta mana da ƙarfi. Ashe babu yaƙi a wasan ko kaɗan. Ba mai taɓa takardar wani. Shida kasuwa ce. Abin da ke shafi na biyu can ƙasa-ƙasa kuwa, gargaɗi ne kada a bar ƙananan yara su haɗiye 'ya'yan ludo.

Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki, yana cewa a biya shi shanunsa.

Kawu ko gezau. Ya ce, "Wannan tsohuwar doka ce. An gyara ta, wayarka ce ba ta da labari."

Duk da haka muka dage sai an yi wasa ɗaya da dokar gaskiya. Kawu ya ce ni in riƙe waya in zama alƙali, sai kujerata ta zama ba kowa. Inna ta ajiye wankinta ta zauna, ta ce a ba ta fensir. Ta jera gonakinta a bakin kogi, bukkoki kusa da rijiya, kasuwa a tsakiya. Kawu kuwa hannunsa ya saba, ganuwa kawai yake ja, ya kewaye fili fetal babu ruwa babu hatsi. Da na duba doka, Inna ce ta ɗaya da nisa, Kawu na ƙarshe, bayan Dogo.

Ya daɗe yana kallon takardun biyu. Can ya jawo tata ya haɗa da tasa gefe da gefe.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ai akwai auratayya tsakanin ƙabilun nan. Ƙasarta ƙasata ce."

Inna ta ce, "Na yarda, Malam. Amma ƙaramar ƙabila ita ke yi wa babba hidima. Tsofaffin tayoyin nan da ka cika min ƙarƙashin gado da su, yau za su bar gidan nan."

Muna zaune ya riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗingishi da ƙafar da ta riga ta warke. Da maƙwabta suka leƙo suna tambaya, ya ce musu ganimar yaƙi ce yake kaiwa ma'aji.

Har yanzu suna wasan duk yamma. Takardun kwalin sun ƙare tuni, 'yarsu ce ke zana musu sababbi da rula. Inna ba ta sake zama ba, ta ce sau ɗaya ya ishe ta. Kawu kuwa ya hana shiga rumfarsa da waya idan ana wasa, wai tana ɗauke hankalin mayaƙa.