Layar da na ɗaura wa kuɓewar Hajiya

Ko zan manta komai na zamana a Minna, ban da ranar da ganyen kuɓewa ya kusa raba ni da ɗakina. Lokacin ina sabon malamin kimiyya, ina haya a Shango, gidan wata Hajiya 'yar Bida mai ƙirga kajinta safe da yamma.

Ina shirin koya wa ɗalibai yadda tsiro ke haɗa abincinsa, harabar makarantar kuwa ko ciyawa babu. Sai na zagaya bayan gida inda Hajiya ta shuka kuɓewa, na naɗe tsakiyar wasu ganyaye da baƙar takarda, na ɗaure da zare. A wautata ban ga abin neman izini a ganye ba.

Ashe a makon nan gwiwarta ta kumbura. Ta daina amsa gaisuwata, in na wuce sai ta bi ni da ido tana motsa baki. Tuwon shinkafar da take aiko min ran Juma'a ya ɗauke ɗif. Ni ma na shiga zargin wani ɗan'uwanta take so ta ba ɗakin.

Ran Asabar ta kira ni tsakar gida, ta riƙo ganyen da tsumma don kada ya taɓa ta.

"Malam, wane boka ya ba ka layan nan? Tunda ka daura, kafana bai taka kasa ba. Kwashe kayanka kafin la'asar."

Na zage ina bayani, cewa ganye kan ja ruwa ta saiwa, ya shaƙi iska, korensa ya kama hasken rana, da su yake girka abinci, takardar kuwa haske kawai ta tare. Ta taɓe baki ta ce, "Ganye na girki. To."

Na roƙe ta ta bari in nuna mata. Na tafasa ganyen, na jiƙa shi a sipirit mai ɗumi har korensa ya fita, na ɗiga masa aidin. Inda rana ta taɓa ya koma baƙi ƙirin, inda takarda ta rufe bai yi ba. Na ɗago ina murmushi, sai na ga ta ja baya tana salati.

"Ga shi ka nuna da kanka," in ji ta.

In ta kore ni, ba ni da kowa a garin. Can idona ya sauka kan kwanon tuwonta. Na ce, "Hajiya, ɗauko naki aidin na ciwo, ki ɗiga a nan da hannunki."

Ta ɗingisa ta ɗauko, ta ɗiga a gutsuren tuwon tana hararata. Shi ma ya yi baƙi. Na ce mata sitaci ne, ganyen shinkafa ne ya haɗa abincin da rana kafin ya tura shi cikin ƙwaya.

Ta kalli kwanon ta ce, "Wato yunwa ka sa wa kubewana."

Na amsa laifina. Ta miƙo min adda, ta nuna reshen mangwaron da ya yi wa kuɓewar inuwa, ta ce in biya kuɓewar hasken ranar da na hana ta. Na hau na sare. Juma'a tuwo ya dawo, haɗe da kashedin kada kwalbar aidin ɗina ta kusance shi.

Tun daga ranar na gane cewa mai zargi ba ya jin dogon bayani, sai abin da ya gwada da hannunsa. Kuma ko ganye ne, in ba naka ba ne, ka yi sallama kafin ka taɓa.