Sanda ta Goma Sha Biyar

Azhari bin Sahak, mutumin Ipoh, ya shafe kakar bana yana bin gasar golf daga Johor har Kuching, yayansa Mokhtar na ɗaukar masa jakar sanduna. A gasar ƙarshe ya wajaba ya fito cikin goman farko, ko ya rasa gurbinsa na baɗi.

Ranar rufewa, bayan ramin farko, ya sa hannu a jaka, sai ga tsohuwar sandar marigayi mahaifinsu. Ƙa'ida ta hana wuce sanduna goma sha huɗu, wannan kuwa ta goma sha biyar ce. Babu wanda ya gani, amma ya kira alƙalin wasa da kansa, aka ɗora masa tarar bugu biyu, a wasan da mai ƙarancin bugu ke yin nasara.

"Yaya, wa ya sa wannan?"

"Ni ne, don tabarruki. Ai ba da ita za ka buga ba."

"Da Baba na raye, shi zai fara marinka. Kaka guda kana bina, ƙirgen sanda ya gagare ka?"

"Rage murya, Azhari. Ni na goye ka."

Ya rage muryar, amma zuciyarsa ba ta daina tafasa ba har ramin ƙarshe. Bugu ɗaya tak ya fitar da shi daga goman. A bakin mota ya zare jakar daga kafaɗar Mokhtar.

"Na sallame ka daga aiki, Yaya. Zumunci kuwa, Allah bai ba ni ikon yanke shi ba. Shiga mu tafi."